Cin gasasshen kifi a Oistins daren Juma'a: in je ko in zauna a ɗaki?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a cikinmu akwai wanda ya san Barbados? Wajen aiki ne za su tura ni taro can wata mai kamawa, to an turo jadawali sai na ga daren Juma'a wai za a kwashe mu gaba ɗaya zuwa wani gari Oistins a ci kifi a bakin teku. Na leƙa hotunan wajen na ga kowa da kwalba a hannu ga kiɗa ga rawa, sai jikina ya yi sanyi. In je ne ko in ce musu cikina ke ciwo in yi zamana a ɗaki? Kuma ma gaba ɗaya me mutum zai ci a ƙasar, don ni ba na iya cin abin da ban san kansa ba.

Ɗan Maraɗi: Wa alaikumus salam. Ikon Allah sai kallo, mutane na neman hanyar fita ido rufe kai an biya maka jirgi har Karebiyan kana shawarar zama a ɗaki. Miƙo tikitin in je in wakilce ka, ni cikina lafiyarsa ƙalau.

Hajiya Maman Ummi: Ƙanena kar ka wahalar da kanka, ka ɗauri kilishinka da dambun nama da garin kwaki da ƙuli-ƙuli ka zuba a jaka, kwana nawa ne duka-duka. Ni duk ƙasar da zan je haka nake yi ban taɓa dogara da girkin kowa ba.

Anti Nas: Wa alaikumus salam Abban Sadiq, sannu da shiri. Ni a nan nake zaune, daga Kumasi aka kawo mu aikin jinya, Gana ta fara turo nas-nas nan tun 2020. Kafin komai Hajiya ki yi haƙuri, kilishi da dambu kar ya ɗauko, nama ba ya shiga ƙasar nan sai da takardar izini, a filin jirgi za su karɓe ya yi asara a banza. Yaji dai ya zo da shi amma ya rubuta a fom ɗin kwastan kar ya ɓoye.

To maganar Oistins. Gari ne na masunta a kudancin tsibirin cikin yankin Christ Church, kusa yake da filin jirgin Grantley Adams sosai. Da rana kasuwar kifi ce kawai, jirage su dawo a sauke kaya mata suna ta gyara suna cire ƙaya, da yamma kuma rumfunan da ke gefen kasuwar su hura wuta. Kusan kullum akwai masu buɗewa amma Juma'a ce babbar rana. Ba gidan giya ba ne kamar yadda hoton ya nuna maka, fili ne buɗaɗɗe da rumfuna da yawa da dogayen tebura da benci, za ka ga tsofaffi suna buga domino, iyaye da yaransu, 'yan yawon buɗe ido, masu sayar da tsaraba. Giya kam akwai ta ba zan yi maka ƙarya ba, ƙasar rum ce wato giyar rake, kamfaninsu Mount Gay tun 1703 yake. Amma ni abin da nake so ka gane shi ne kwalbar da kake gani a hannun wani ba ita ce za ta shiga cikinka ba, abin tsoron yana cikin farantinka inda ba ka zato.

Abban Sadiq: Toh fa. Anti kin ƙara tsorata ni ai, ba kifi ba ne kawai?

Anti Nas: Kifin lafiya lau. Abin da ake haɗa maka da shi ne. In ka zaɓi kifi za a tambaye ka me za a sa a gefe, akwai shinkafa da wake irin nasu, akwai makaroni da ake gasawa da cuku su ce masa macaroni pie, akwai dankali, filanten, salak, da breadfruit wani ɗan itace ne babba da ake soyawa ko a gasa. To shinkafa da waken nan da Bahaushe zai gani ya ce alhamdulillahi ga abincin gida, ita ce sau da yawa ake jefa mata wutsiyar alade mai gishiri ko guntun naman gishiri don ɗanɗano, kuma ba lallai ka ga naman a faranti ba don ya narke ko an tsame shi. Ba kowace mai rumfa ke sawa ba amma dole ka tambaya, kuma kar ka ce akwai nama a ciki? don wata a wajenta wannan ba nama ba ne kayan ɗanɗano ne, ka ambaci sunansa kai tsaye ka ce akwai pigtail ko salt meat? Na biyu ragar gashi, wasu rumfunan kifi zalla suke gasawa wasu kuma har da kaza da naman alade a raga ɗaya. Wannan ba sai ka tambaya ba ma, a gabanka ake gashin, ka tsaya ka duba allon da suka rubuta abincinsu in ka ga pork ko ribs ka wuce gaba.

Malam Na Tudun Wada: Assalamu alaikum. Na karanta duka, Allah ya saka wa 'yar'uwa da alheri da bayani. Amma ni ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Ko da kifin ya fi kowane kifi tsarki, hadisi ya zo a Tirmizi cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Ita da bakinta ta ce dogayen tebura ne kowa da kowa, to ya za a yi ya zauna ba mai kwalba a gefensa? Ga kiɗa ga mata da shigar bakin ruwa, kuma a ranar Juma'a. Abban Sadiq ka zauna a ɗakinka, ba sai ka yi ƙaryar ciwon ciki ba ma, ka ce musu addinina bai ba ni dama ba, za su fi ganin girmanka.

Ɗan Maraɗi: Malam to jirgin da zai hau fa? Ana raba giya a ciki kuma kujerarsa manne da ta wani, awa takwas ko fiye. Ko ta teku zai iyo?

Malam Na Tudun Wada: Jirgi lalura ce ɗan'uwa, ba shi da wata hanyar. Cin kifi a bakin teku ba lalura ba ce. Kar mu riƙa haɗa abin da ba ya haɗuwa don a yi dariya.

Likitan Gobe: Malam da girmanka, ni ina karatu a wani tsibiri da ke maƙwabtaka kuma na je Oistins da hutu, maganarka gaskiya ce ta wani ɓangare amma akwai abin da sai wanda ya taka wajen zai sani. Wajen kala biyu ne a dare ɗaya. Daga wajen ƙarfe shida zuwa bakwai da rabi cin abinci ake yi, layi bai yi tsawo ba, tebura da yawa ba kowa, kana iya samun naka kai kaɗai ko ka ce a zuba maka a roba ka tafi can bakin yashi ko kan gadar da jirage ke tsayawa ka zauna, wani lokacin har kunkurun teku za ka gani suna zagaye don masunta na jefa musu ragowar kifi. Daga tara zuwa sama ne waje ke rikiɗewa, a ƙure lasifika a hau rawa, to wannan kam ni ma ba na kaiwa. Kuma wlh otal ɗin da Malam ke cewa ya zauna, ɗakin cin abincinsu ma da mashaya a ciki, kuma can ba ka ganin kicin, ba ka san da wane kasko aka soya maka ƙwai da safe ba, ko shi ne aka gama soya naman alade yanzu. A Oistins aƙalla idonka na kan wutar.

Anti Nas: Yauwa ƙanena ka faɗi abin da nake son faɗa. Ni na fi natsuwa da abincin da aka gasa ina tsaye a kai.

Malam Na Tudun Wada: Batun kasko akwai hadisin Abu Sa'alaba a Bukhari da Muslim, ya tambayi Manzon Allah SAW game da kwanukan Ahlul Kitabi aka ce in kun sami wasu kada ku ci a nasu, in ba ku samu ba ku wanke ku ci. Don haka na otal ma sai ya sa a wanke ko a canza masa. Ni ban ce kifin haram ba ne a fahimce ni, Allah ya halatta mana abin da ke cikin teku a Suratul Ma'ida aya ta 96, kuma mu a Malikiyya har ƙaguwa da jatan lande duk sun halatta. Zaman nake magana a kai. In zai saya ya bar wajen kafin a fara shagali kamar yadda ɗalibi ya ce, to da sauƙi, amma ku da kanku kun san yadda tafiyar ayari take, mota ɗaya ta kawo ku ba za ta tashi don mutum ɗaya ba.

Likitan Gobe: Wannan kuma gaskiya ne Malam. Amma mota ba matsala ba ce, akwai ƙananan bas farare masu lamba ZR suna bin titin kudu daga Bridgetown babban birnin ƙasar su ratsa Oistins, dala 3.50 na Barbados ne duk inda za ka sauka, ga tasi kuma birjik. Sai dai ZR ɗin ma kiɗa ne a ciki kamar kunne zai fashe hhhh, kuma gudu suke kamar an biyo su.

Abin dariya kan maganar jatan lande, Musulmin Barbados yawancinsu asalin Indiya ne daga Gujarat, Hanafiyya ne, su a wajensu abin teku in ba kifi ba ne akwai magana. Wani abokina a cikinsu ya ga ina cin ƙaguwa ya riƙa kallona kamar na yi ridda.

Abban Sadiq: Au akwai Musulmi ma? To Juma'a fa, akwai inda zan yi?

Anti Nas: Akwai mana. Jumma Masjid na kan Kensington New Road a Bridgetown kusa da filin wasan kurket, akwai kuma Madina Masjid a Sobers Lane. In ka je Juma'a ka tambaye su inda suke sayen naman yanka da wanda ke dafa abincin halal za su nuna maka, sun fi kowa sani. Magariba a nan wajen ƙarfe shida take faɗuwa, ba ta cika nisa da haka ba duk shekara, sai ka tsara ka yi sallarka ka fito ko ka tafi da alwala.

Sarkin Ruwan Yauri: Ku dakata da fatawa haka nan ku gaya min kifin. Ni ɗan gidan masunta ne, kakana da ubana duk a ruwa suka tsufa. Wane irin kifi ne suke gasawa, kuma da gaske ne akwai mai tashi sama ko zuƙi ta malle ce?

Likitan Gobe: Baba da gaske ne wlh. Ƙaramin kifi ne bai fi tsawon tafin hannu da ɗan ƙari ba, fikafikansa na gefe dogaye, in babban kifi ya biyo shi sai ya ɓullo daga ruwa ya baza su ya yi ta shawagi a saman ruwa mita 50 ko fiye kafin ya koma. Shi ne alamar ƙasar har a jikin kwabon dala ɗaya an zana shi. Yadda suke kama shi zai burge ka, sai su ɗaure ganyen rake ko na kwakwa dami-dami su sake a ruwa a bayan jirgi, shi kuma yana son abin da ke yawo a saman ruwa don ya zuba ƙwai a jiki, in sun taru sai a sa raga ko a kwashe da koma. Ƙaya ce da shi da yawa shi ya sa gyaransa sana'a ce guda, matan kasuwa ke yi da 'yar wuƙa cikin sauri, a jera goma-goma a leda.

Amma a daren Juma'a manyan kifaye sun fi yawa a kan wuta, tuna, marlin, kingfish, swordfish da mahi-mahi wanda su dolphin suke rubutawa a allo amma kifi ne mai ɓawo ba dabbar ruwan nan mai shayarwa da ake kira dolphin ba. Yanka ɗaya ya cika faranti. Ana jiƙa shi da lemun tsami da gishiri sannan a shafe shi da haɗinsu na albasa mai lawashi da tafarnuwa da attaruhu da ganyayen ƙamshi.

Anti Nas: Kuma Baba mai tashin ya yi wuya yanzu ba kamar da ba, masu sayarwa kullum kukansu kenan. Lokacinsa daga wajen Disamba ne zuwa Yuni, bayan haka sai na firiza. Tun 2011 wata ciyawar teku mai suna sargassum ta fara mamaye ruwan yankin nan, tana taruwa a gaɓa tana ruɓewa da wari kuma tun zuwanta kamun ya ragu ƙwarai. Da ma can kifin yakan gangara kudu wajen Tobago, masuntan nan su bi shi a kama su, rigimar ta kai har kotun sulhu ta duniya ta shata musu iyakar ruwa da ƙasar Trinidad da Tobago a 2006. Sai kuma guguwar Beryl a farkon Yulin 2024 ta farfasa jiragen kamun kifi da yawa a tashar Bridgetown. Duk wannan ya taru ya sa kifi tsada, shi ya sa in ka ji kuɗin faranti kar ka ce cutarka aka yi don an ga baƙo.

Sarkin Ruwan Yauri: Allah sarki, ashe kukan masunci ɗaya ne ko ina. Dabarar damin ganyen nan kuwa ta yi min, mai hankali ne ya ƙirƙiro ta.

Hajiya Maman Ummi: To nawa ne farantin tunda an hana shi ɗaukar kilishina?

Likitan Gobe: Hajiya lokacin da na je tsakanin dala 15 zuwa 25 ne na Amurka ya danganta da kifin, wanda ya zaɓi lobster, mai kama da ƙaton jatan lande, kuma ya san inda dare ya yi masa. Lissafin kuɗinsu ba wuya, dalar Barbados 2 ita ce dalar Amurka 1, haka aka ɗaure ta tun 1975, kuma suna karɓar ta Amurka amma canji da tasu za a ba ka. Ya riƙe tsabar kuɗi don ba kowace rumfa ke da na'urar kati ba. Kuma ya tabbatar wace dala aka rubuta a allo kafin ya firgita ko ya yi murna.

Hajiya Maman Ummi: Innalillahi, kifi yanka ɗaya? Da kuɗin nan ai sai in yi cefanen kwana da kwanaki.

Ɗan Maraɗi: Hajiya dokar tafiya ta farko kar ki juya kuɗi zuwa naira ko sefa kina kan cin abinci, loma ba za ta wuce ba.

Anti Nas: Kuma Hajiya wannan shi ne mai araha fa. Ya gwada shiga gidajen abincin St Lawrence Gap ko na gaɓar yamma wajen Holetown inda ake shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, kifin nan dai shi ne amma rabin girmansa, kuɗin ya ninka sau biyu ko uku sannan a ƙasan takarda a ƙara kuɗin hidima. Tsibiri ne ƙarami mutanensa ba su kai 300,000 ba, yawancin abinci daga waje ake shigo da shi, komai da tsada har tumatir.

Abban Sadiq in ka sami dama da rana ka nemi cou-cou da kifi mai tashi, shi ne abincin ƙasa. Tuwon masara ne aka tuƙa shi da ruwan kuɓewa da yankakkiyar kuɓewar a ciki, a zuba romon kifi a kai, ranar da na fara ci sai da na yi ƙwalla don gida ya tuna min. Kakanninsu daga gaɓar Afirka ta Yamma aka kwaso su zuwa gonakin rake bayan Ingila ta kafa mulki a 1627, da yawa ma daga wajenmu Gana, tuƙin ya biyo su. Wutsiyar aladen da nake ta gargaɗi a kai ita ma daga can ta samo asali, naman gishiri da busasshen kifin gishiri su ne abin da masu gona ke ba bayi don ba sa lalacewa a jirgi, har ya zama ɗanɗanon da suka saba. Ranar Asabar kuma in ka ga ana layi ana cewa pudding and souse kar sunan ya ruɗe ka ka zaci kayan zaƙi ne, alade ne tsantsa.

Abban Sadiq: Na rubuta wannan da jan biro. Abin sha fa? Kar in je in ɗauki wani abu ja in zaci lemo ne.

Likitan Gobe: Jan da za ka gani a kofin roba da ƙanƙara yawanci rum punch ne, nesa da shi. Ruwan kwakwa a gabanka ake sarewa shi ya fi. Akwai mauby na ɓawon itace ne da sukari da kayan ƙamshi, farko zaƙi ƙarshe ɗaci, ba giya a ciki amma ba kowa ke iya sha ba ni dai sai a hankali na saba. Akwai sorrel wanda zoɓo ne sak, an fi yin sa lokacin Kirsimeti, shi ka tambaya don wasu na ɗiga masa rum. Kek ɗinsu baƙi shi ma da rum ake jiƙa shi. Ruwan famfo ana sha lafiya. Sai barkononsu mai ruwan ɗorawa a kwalba a kan kowane tebur, attaruhu ne da mustad, ka fara da kaɗan kar ka ce kai Bahaushe ne ka saba da yaji.

Wani abu da ba na abinci ba, kar ka sako wando ko hula ko jaka mai zanen kakin soja, doka ta hana farar hula sawa a ƙasar har yara.

Malam Na Tudun Wada: Ni dai ina nan a kan bakata game da zaman. Amma tunda na ga zuciyarka ta riga ta tafi, ka je da wuri, ka zaɓi rumfar kifi zalla, ka karɓa a roba, kar ka zauna a teburin da aka ajiye kwalba ko da abokan aikinka ne, kuma ka faɗa musu tun a mota cewa kai da wuri za ka koma don kar a zo ana jan rigarka.

Abban Sadiq: Malam zuciyata ba ta tafi ba tukuna wlh, amma na ji. Abin da ke damuna shi ne shugaban tawagarmu ba ya son a ware, zai ce ba ka da haɗin kai. Ina ganin zan bi su in gaisa da kowa in ci nawa a gefe in sulale.

Ɗan Maraɗi: Ka ce masa kunkuru za ka je kallo, ba wanda zai bi ka.

Anti Nas: Tsaya ma, ta ina jirginku zai bi? Shiga nan da fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza amma yawancin hanyoyin ta Landan ne ko Amurka ko Kanada, kuma in ta Landan ne ko filin jirgi ba za ka fita ba sai da bizar wucewa, sai dai in kana da wata bizar da ke ɗauke maka kamar ta Amurka mai rai. Ta Amurka kuwa dole sai da bizarsu. Ka duba wannan tun yanzu don tana ɗaukar lokaci.

Abban Sadiq: Kai! Ban ma ga tikitin ba har yanzu, cewa kawai suka yi an kusa saya. Bari in kira mai kula da tafiye-tafiyen ofishinmu kafin ya tashi.